Ni na maƙale bel ɗin a bayan kujera

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki, ya haƙuri da mu masu dogon surutu. Dan Allah ina neman fili a shafin wasiƙu. In ta yi tsawo ka rage yadda ka ga dama, amma kar ka cire wajen da na faɗi laifina, don shi ne ya sa na zauna rubutun nan.

Yau wata biyar kenan da rasuwar aminina a haɗarin mota. Ba zan faɗi sunansa ba saboda iyalinsa ba su san zan rubuta ba, matarsa ma ba ta daɗe da fita takaba ba. Tun ajin farko na firamare benci ɗaya muke zama, tare aka yi mana bulalar makara, tare muka koyi keke, shi ya yi min babban aboki ranar aurena ni ma na yi masa. Irin mutumin nan ne da in ya shigo gidanmu ba ya jiran a ce ga abinci, kicin yake wucewa ya buɗe tukunya da kansa. A motata aka yi haɗarin kuma ni ke riƙe da sitiyarin.

Ranar wata Asabar ce, ɗaurin auren ƙanin wani abokinmu a Azare, an sa ƙarfe sha ɗaya. Mun yi da juna za mu bar Kano bakwai na safe amma ka san halinmu, wannan bai karya ba wancan yana neman hularsa, sai wajen ƙarfe tara muka haye gadar Wudil. Shi marigayin ma shi ya fi makarar da mu, don sabuwar shadda ya ɗinka fara ƙal, babbar riga da 'yar ciki da wando, ya ba mai wanki ya kai masa bugu sai da safen nan aka kawo. Ya fito yana ƙamshi yana takawa a hankali kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai, muka dinga tsokanarsa wai ko dai shi ne angon ba mu da labari. Mu huɗu ne, biyu a baya, shi a kujerar mai zaman banza.

To ga inda laifina yake. Motar tawa irin mai ƙarar nan ce, in mutum ya zauna a gaba bai sa bel ba ta dinga ƙiii ƙiii har sai ta hau maka kai. Tun satin da na saye ta na yi mata dabarar da kowa ya sani, na zagaya da bel ɗin waccan kujerar ta baya na danna shi a makullinsa, shi kenan mota ta yi shiru, duk wanda ya shigo a kan bel ɗin yake zama. In an hango shuɗiyar motar 'yan rodi sefti daga nesa sai mutum ya jawo igiyar saman ya zura kansa ta sauko a ƙirji, a wuce su ana ɗaga musu hannu, ana shan kwana a mayar da ita baya. Shekara biyu a haka. Har yabona ake wai na iya mota.

Ni kuma da na sa nawa ranar ba wai hankali ne ya ishe ni ba, kar wani ya ɗauka. Ba na iya tuƙi da babbar riga ne, na cire tawa na ninke na sa a but, daga ni sai 'yar ciki, ga shi direba shi ake fara kallo a hanya. Iyakarta kenan. Mun ɗan wuce Wudil na ce masa, mutumina ka ɓalle bel ɗin nan ka sa shi da gaske don yau zan taka, mun makara. Ya kalle ni ya ce, "Haba malam, ka san nawa na biya bugun nan? So kake in shiga taro da layi a ƙirji kamar wanda ya yi goyo?" Duk motar muka fashe da dariya, ni na fi kowa ma. Ban sake magana ba.

Bayan mun wuce Kiyawa hanya ta miƙe, na duba agogo na duba maleji, ya haura 130 kuma na sani sarai doka 100 ta ce wa ƙaramar mota ko a babban titi ne. Sai ji na yi fam, kamar an harba bindiga a ƙarƙashinmu, tayar baya ta fashe. Sau nawa na ji ana cewa in taya ta fashe kar ka taka birki, ka riƙe sitiyari gam ka ɗaga ƙafa daga totur ta rage da kanta, wallahi na sani, amma ƙafata ba ta yi shawara da ni ba. Mota ta yi gefe, ta daki bakin kwalta ta fara adungure. Ban ƙirga ba, mutanen da ke gona suka ce sau uku. Abin da na tuna kawai salati da ƙura da ƙarar gilas, sai kuma shiru, motar ta kife tayoyi a sama, ni ina reto a jikin bel kamar jemage. Na juya in ce masa ka ji rauni? Ba kowa a kujerar. Bel ɗin yana nan daram a makullinsa yadda na danna shi shekara biyu da suka wuce.

A cikin gonar dawa aka same shi, da ɗan nisa daga motar, ta taga ya fita. Yana numfashi a lokacin. Mutanen ƙauyen, Allah ya saka musu da alheri, su suka fito da mu suka tare wata a-kori-kura aka sa shi a baya, na riƙe kansa a cinyata ina ta kiran sunansa ina karanta masa kalmar shahada. A ruɗewar da muke ciki ko lambar 122 ta kiran agajin rodi sefti ba wanda ya tuna. Muna isa asibiti suka sa almakashi suka farke rigar tun daga wuya har ƙasa don su ga ƙirjinsa, rigar nan dai da bai yarda bel ya yi wa layi ba, ina tsaye ina kallo. Ba a yi rabin awa ba likita ya fito ya dafa kafaɗata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni kuwa kwanciyar jini ce kawai daga kafaɗa zuwa ƙugu, shatar bel ɗin, sai haƙarƙari ɗaya da ya tsage. Na baya ɗaya ya karye a cinya har yanzu da sanda yake tafiya, ɗayan ya bar haƙoransa uku a bayan kujerata. Su ma ba wanda ya sa bel, ina ma suka gan shi, yana can ƙarƙashin ledar kujera mun cusa tun tuni. Ita tayar kuma 'yar Kwatano ce na saya don araha, sai daga baya wani mai faci ya nuna min lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Rodi sefti na cewa in taya ta shekara huɗu a canza ta. Tawa ta ninka haka.

Ranar sadakar uku na shiga gaida mahaifiyarsa, na durƙusa na kasa ɗago kai. Na ce Hajiya ku yafe min, ni na yi gudu. Ta ce, "Tashi ɗan nan. Kar na sake jin wannan maganar a bakinka. Kwanansa ne ya ƙare, ko a kan gadonsa yake da ya tafi. Kai ma ɗana ne." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Kuma ban iya gaya mata zancen bel ɗin ba, har yau ba ta sani ba. A waje kan tabarma kuwa maganar ɗaya ce kowa ke maimaitawa, ƙarar kwana, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mai sauran shan ruwa ba ya mutuwa. Wani dattijo ma har ya kafa hujja da ni, wai ga shi nan mota ɗaya suke ko ƙwarzane bai yi ba, ikon Allah kenan. Na yi shiru, wajen makoki ba wajen musu ba ne.

Malam Edita ni musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai kyau da marar kyau, na kuma san an hana mu yawan "da na yi kaza da kaza" bayan abu ya faru don ƙofa ce ta shaiɗan. A kan aminina na sallama, ajalinsa ne, ba na ja da wannan. Abin da ke ci min rai shi ne yadda muke ɗauko maganar da aka tanada don rarrashin wanda aka yi wa mutuwa, mu mayar da ita uzurin wanda yake raye yana shirin shiga mota. Waɗannan wurare biyu ne daban. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke ya ce a juya, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wa ya isa ya ce ya fi Umar tawakkali? Kuma mu ɗin nan da ke cewa bel ba ya hana mutuwa, mu ne ke sa wa shago kwaɗo uku da daddare, mu ne ke sa wa mota sikyuriti da makullin sitiyari. Ban taɓa jin wanda ya bar shagonsa a buɗe a Kwari ya ce in an ƙaddara za a sace ko ya kulle za a sace ba. Motar muna tsaronta daga ɓarawo, wanda ke cikinta ne muka bar wa ƙaddara.

Kuma ba talaka kaɗai ba. Masu karatu za su tuna ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da ya rasu ranar 6 ga Maris 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja, shi da matarsa da ɗansa. Jif ce Lexus, motar da irina sai dai ya gani a titi. Tayar baya ta fashe ana gudu, direba ya taka birki, mota ta wuntsila, kusan labarinmu sak. Rahoton da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta kai wa majalisar zartarwa ya ce ministan da ɗansa da ke kujerar baya motar ta yi jifa da su waje saboda ba su sa bel ba, direba da dogarin da ke gaba kuwa da suka sa sun rayu. Na karanta wannan labarin a lokacin, na ce Allah ya jiƙan rai, na wuce abina. Ai mu a ganinmu mai gida da ya hakimce a baya ya wuce sa bel, wannan aikin direba ne.

Akwai wani malamin kimiyya na sakandare da muke zama majalisa ɗaya, shi ya zana min lissafin a ƙasa da tsinke wata rana da na dame shi da tambaya. Ya ce in mota na gudun kilomita 50 kacal, irin gudun cikin gari, ta daki abu ta tsaya cak, jikinka bai san ta tsaya ba, ci gaba zai yi da tafiya, kuma bugun da za ka sha daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, wato bene hawa uku. In gudun ya ninka ya kai 100 ba ninki biyu bugun zai yi ba, huɗu ne, kusan mita 40. Na ce to ai wasu cewa suke za su dafe dashbod da hannu. Ya yi dariya ya ce ka taɓa ganin wanda ya faɗo daga bene ya tare ƙasa da tafin hannu ya miƙe? Ita ma jakar iskar da ke fashewa daga sitiyari an yi ta ne don ta tari wanda bel ya riga ya riƙe, in ba ka sa ba karo za ku yi da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, bel kuma yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Rabi fa suka ce ba duka ba, ni ma ban ce wanda ya sa ba ya mutuwa ba. Amma wane magani ne a kemis za a ce yana rage mutuwa da rabi kuma kyauta, mu ƙi yin layi a kansa?

Masu cewa in mota ta kama da wuta bel ne zai riƙe ka, ni na kwance nawa da babban yatsa ɗaya ina rataye kaina a ƙasa. Abin da ya sa na iya kuwa, ina cikin hayyacina ne, kaina bai bugi komai ba. Wanda ya suma ko ƙofa a buɗe take ba inda za shi.

Wani injiniyan kamfanin Volvo ne mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro irin bel ɗin da muke da shi yanzu a 1959, kamfanin kuma ya bar wa sauran masu ƙera mota su yi amfani da shi ba tare da biyan ko sisi ba. Sun ba duniya kyauta, mu kuma mun samu abin zama a kai. A nan ƙasar an kafa rodi sefti a 1988, aka fara tilasta sa bel daga 1 ga Janairun 2003, ina saurayi lokacin na tuna yadda aka yi ta ba'a a tasha wai an ɗaure mutane kamar awaki za a kai kasuwa. Sama da shekara ashirin kenan amma har yau ba mu karɓi abin a matsayin namu ba, mun ɗauke shi wata rigima ce tsakaninmu da masu kaki, wasan ɓuya, wanda aka kama ya biya tara wanda ya sha ya yi dariya. Direban haya da kansa zai ce "na gaba ja bel, suna nan," in an wuce ya ce "to sake shi." Har fitila muke yi wa juna a hanya don mu sanar suna gaba.

Tasha kuwa nata ciwon daban ne, nan ko kana so ka sa ba hali. Golf ko Sharon, mutum biyu a kujerar gaba ɗaya, huɗu a baya, wani lokacin har da wanda ya raba kujera da direba, wa zai sa bel a cikinsu? Na san kuɗin mai ya yi tsada, na san direba na da balas da zai kai wa mai mota, ban raina wahalarsu ba. Amma shugabannin ƙungiyar direbobi da ke iya hana mota lodi in ba ta biya kuɗin layi ba, za su iya hana ta fita in bel ɗinta a yanke yake. Sai kuma iyalanmu. Kowa ya san hoton nan, mai gida na tuƙi, uwar gida a gefe da jariri a cinya, wani yaron a tsaye tsakanin kujeru yana leƙen titi. Ƙa'ida ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama. Hannun uwa duk son da take wa ɗanta ba zai riƙe shi ba in aka yi karo, fizge shi za a yi. Mai ciki ma ana so ta sa, sai dai igiyar ƙasan ta bi ta ƙarƙashin cikin ba ta kansa ba. Ni kaina sai bayan abin nan na sa aka zaro bel ɗin baya na motar matata, makanike har yana tambayata ko sayar da ita zan yi.

Roƙona ga malamanmu ne musamman. Mu mutane ne da in jami'i ya faɗa mu ce yana neman na cefane, amma in liman ya faɗa a kan mumbari mu ji. Huɗuba ɗaya a kan cewa jiki amana ne da ayar nan ta Baƙara da ta ce kada ku jefa kanku cikin halaka da hannunku, a ambaci bel da gudu da tsohuwar taya da sunansu, musamman dab da sallah da lokacin bukukuwa da ake jerin gwanon kai amarya, ina ganin za ta yi aikin da shingen hanya goma ba su yi ba. Ku ma 'yan jarida in kun kawo labarin haɗari, bayan adadin waɗanda suka rasu ku dinga tambayar waye ya sa bel waye bai sa ba ku rubuta mana. Ba don a tozarta mamaci ba.

Yanzu abokai sun sa min suna Rodi Sefti saboda ba na tada mota sai na ji ƙas sau huɗu. Wani kawuna na ɗauko shi kwanaki ya ce shi ba yaro ba ne da zan ɗaure shi, na ce Kawu ku yi haƙuri to sai dai in tarar muku adaidaita. Ya yi fushi, ya sa, har muka isa bai ce min uffan ba. Na ji ba daɗi amma ban kai yadda nake ji in na tuna dariyar da na yi bayan Wudil ba.

Lambarsa tana nan a guruf ɗinmu na WhatsApp, ba wanda ya iya cire ta, ni ne admin kuma na kasa. Kwana goma da rasuwar ina zaune a ƙofar gidansu sai ga mai wankin nan a kan keke, ashe ya yi tafiya garinsu bai ji ba. Ya sauke ƙullin kaya ya ce ga sauran kayan Alhaji, kuma a tuna masa akwai cikon kuɗin bugun farar shaddar nan, ya ce in ya dawo daga Azare zai ba shi. Na tambaye shi nawa ne, ya faɗa, na ciro na ba shi. Sai da ya sa kuɗin a aljihu sannan na gaya masa.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, ya raya yara biyun da ya bari.

Naku,
wani makarancinku daga Kano